Kundin launukan Pantone Formula Guide a hannun mai zayyana da ke koyo daga mujallu

Duk wanda ya daɗe yana aikin zayyana don ɗab'i ya san cewa gardamar da ta fi yawa tsakanin mai zane da mai aiki da ma'aikacin maɗaba'a a kan launi take tashi. Mai aiki zai ce ja yake so, mai zane ya zaɓi jan da ya gani a allon kwamfutarsa, injin bugu kuma ya fito da wani jan dabam, kowa a cikinsu yana da gaskiyarsa, domin kuwa ba abu ɗaya idanunsu suka kalla ba. An yi kundin Pantone Formula Guide ne don kashe wannan gardama, kuma yana kashe ta. Sai dai a 'yan shekarun nan ina ganin sababbin masu zayyana suna sayensa da wata niyya dabam, wato su riƙa buɗe shi suna neman basirar haɗa launuka, kamar yadda magabatansu a wannan sana'a suke neman ta a cikin mujallun da aka buga a takarda. A kan wannan niyya ta biyu nake so in auna shi, domin a ganina kayan aiki ne na ƙwarai wanda ake ɗora wa nauyin da ba nasa ba.

Abin da mai saye zai tarar a cikin kwali shi ne kundi biyu dogaye sirara, kowanne an soke shafukansa da ƙusa guda a ƙasa, ta yadda za a iya baza shi kamar mafici. Ɗaya an buga shi a takarda mai sheƙi, kuma lambobin launukansa suna ƙarewa da harafin C. Ɗayan an buga shi a takarda marar sheƙi, lambobinsa suna ƙarewa da harafin U. Bugun da ake yayi yanzu yana ɗauke da launuka 2,390 a kowane kundi, bayan da na 2019 ya zo da 2,161. A mafi yawan shafukan launuka bakwai ne a jere daga sama zuwa ƙasa, kowanne da lambarsa a ƙarƙashinsa, tare da bayanin awon tawadar asali da za a gauraya a samu wannan launi. Wannan bayanin awo shi ne gishirin kundin, ko da yake mai zane ba safai yake duba shi ba: ma'aikacin maɗaba'a ne yake karanta shi, ya ɗora gwangwani a sikeli, ya auna kaza daga wannan tawada, kaza daga waccan, ya cuɗa su wuri guda kafin ya zuba a inji. Ma'ana dai, kowane launi da ke cikin kundin tawada ce guda da aka riga aka gauraya, aka shimfiɗa ta a kan takarda ba tare da ɗigo-ɗigo ba.

Tsarin ya samo asali ne daga Lawrence Herbert, wanda ya sayi kamfanin Pantone a 1962, ya kuma fitar da tsarin daidaita launuka na Pantone a 1963. Hedikwatar kamfanin tana Carlstadt a jihar New Jersey ta Amurka, kuma tun 2007 yana ƙarƙashin kamfanin X-Rite mai ƙera na'urorin auna launi. Akwai wasu tsare-tsaren irinsa, kamar HKS da RAL na Jamus, da NCS na Suwidin, da Toyo da DIC na Japan, amma a harkar ɗab'in tambari da kwalaye da bangon mujallu lambar Pantone ce aka fi ganewa daga wata ƙasa zuwa wata.

Darasi mafi amfani da wannan kundi yake koyarwa yana fitowa ne idan aka buɗe kundin biyu a lamba ɗaya aka jera su kafaɗa da kafaɗa. A ɗauki lamba 123. A takarda mai sheƙi, 123 C rawaya ce mai haske, mai ɗan zinariya-zinariya, wadda take zaune a saman takardar tana ɗaukar ido. A takarda marar sheƙi kuwa, 123 U ta karkata sosai zuwa ruwan goro, ta yi nauyi, ta rage walƙiya, har wanda bai sani ba zai rantse cewa launuka biyu ne dabam-dabam. Alhali tawadar ɗaya ce, awon ɗaya ne. Takardar ce ta bambanta. Mai sheƙi tana da shafe a fuskarta wanda yake hana tawada nutsewa, ita kuwa marar sheƙi tana shanye ta cikin zarenta, hasken da ya faɗa mata kuma yana warwatsewa ta kowace fuska. Na fi daraja wannan gwaji ɗaya a kan dogon bayani, domin wanda ya gan shi da idonsa sau ɗaya ba zai sake zaɓen launi ba tare da ya fara tambayar irin takardar da za a yi bugu a kanta ba. Kuma nan ne kundin yake haɗuwa da mujalla, tunda masu tsara mujallu sun daɗe da sanin haka. Mujallun kayan ado da na tallace-tallace sun fi son takarda mai sheƙi saboda launi ya fito tas, yayin da ƙananan mujallu masu zaman kansu da suka yawaita daga wajejen 2007 zuwa yau suka koma wa takarda marar sheƙi da gangan, saboda laushin da take bai wa hoto da kuma yadda take sanyaya launi.

To, amma launin da ke cikin mujalla ba irin na cikin kundin ba ne, kuma wajibi ne mai saye ya fahimci wannan kafin ya fitar da kuɗinsa. Idan aka ɗora gilashin ƙara girma a kan hoton da ke cikin mujalla, abin da ido yake ɗauka launi ne guda sai ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigogi na tawada huɗu: shuɗi mai haske, da ja mai ɗaukar ruwan hoda, da rawaya, da baƙi, waɗanda masu ɗab'i suke taƙaitawa da CMYK. Ana jera ɗigogin kowace tawada a kusurwa dabam, bisa al'ada baƙi a digiri 45, ja a 75, shuɗi a 15, rawaya a 0, don kada su hau kan juna su haifar da zane-zanen da ba a so, kuma idan aka duba da kyau za a ga sun yi wasu 'yan da'irori masu kama da furanni. A mujalla mai kyau ana samun layin ɗigo kusan 150 a kowane inci. Koren ganye da ake gani a hoto ashe ɗigon shuɗi ne da na rawaya suke zaune kusa da juna, farin takarda yana leƙowa ta tsakaninsu, idon mai kallo ne yake gauraya su daga nesa. Saboda haka, wanda ya ɗora shafin kundin a kan hoton mujalla yana neman lambar da ta yi daidai da shi ɗari bisa ɗari, abin da zai samu shi ne mafi kusa kawai. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai launuka da yawa a cikin kundin waɗanda tawada huɗu ba za su iya kawowa ba: ruwan lemo mai ƙarfi irin Orange 021, da shuɗin nan mai zurfi da ake kira Reflex Blue, da wasu korra masu walƙiya, duk suna dusashewa idan aka mayar da su CMYK. Wannan ne ya sa mujallun da suke da hali suke ƙara tawada ta biyar a bango. Mujallar Wired, tun fitowarta a 1993, ta yi suna da tawada masu ƙyalli da masu walƙiyar ƙarfe waɗanda injin launi huɗu ba ya iya yi.

Yanzu ga abin da mujalla take bayarwa wanda kundin ba shi da shi, kuma a nan ne nake ganin masu sayensa don neman basira suke yin kuskuren lissafi. Launi a cikin kundin yana zaune ne a cikin akwati mai girma ɗaya da na maƙwabcinsa, a tsakanin 'yan uwansa masu kama da shi, ja a cikin jajaye, shuɗi a cikin shuɗɗa. A shafin mujalla kuwa launi yana da yawa ko ƙaranci, yana da maƙwabci wanda ba danginsa ba, yana da aikin da aka ba shi. Wani ya zauna ya yanke shawarar cewa kashi mafi girma na shafin zai zama farin takarda, hoton zai kawo ruwan ƙasa da ruwan toka, sannan ja zai fito sau ɗaya tak a kan harafin farko na labarin. Wannan rabo shi ne ainihin haɗin launuka, kuma ba a koyonsa daga jerin akwatuna. Rawayar da ta kewaye bangon National Geographic, idan aka cire ta aka ajiye ita kaɗai, rawaya ce kamar kowace; abin da ya sa ake gane ta daga nesa shi ne siririn faɗinta da kuma yadda take riƙe hoto mai duhu ko mai zurfin launi a tsakiyarta. Haka jan da ya kewaye bangon mujallar Time tun 1927. Alexey Brodovitch, wanda ya jagoranci tsara shafukan Harper's Bazaar daga 1934 zuwa 1958, da farin fili ya fi yin tasiri a kan waɗanda suka biyo bayansa, wato da wurin da bai sa tawada ba ko kaɗan, kuma babu lambar da za a nema a kundi ta wannan.

Akwai kuma dalili na kimiyya. Tun 1839 masanin sinadarai ɗan Faransa Michel Eugène Chevreul, wanda ya yi aiki a sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Paris, ya bayyana cewa launi yana sauya kama a ido gwargwadon launin da ke kusa da shi. An kawo masa ƙorafi ne cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya fitowa baƙi sosai, da ya bincika sai ya gano cewa rinin lafiyarsa ƙalau, launukan da ake saƙa shi a tsakaninsu ne suke sauya yadda ake ganinsa. Ruwan toka guda ɗaya yakan yi kamar ya ɗauki kore-kore idan aka ɗora shi a kan ja, ya yi kamar ya ɗauki rawaya-rawaya idan aka ɗora shi a kan shunayya. Ke nan launin da ya burge mutum a shafin mujalla ya burge shi ne tare da maƙwabtansa, kuma idan ya ɗauke shi shi kaɗai ya kai wani zane, zai iya tarar da cewa abin da ya so ya tsaya a can baya.

Duk da haka, idan aka haɗa su biyun, kundin yana zama abokin aiki wanda ba na son rabuwa da shi. Hanyar da nake ganin ta fi ba da sakamako ita ce a samu kati mai ruwan toka a huda masa 'yar taga murabba'i, a ɗora a kan ɓangaren shafin da ake so, don a raba launin da maƙwabtansa na ɗan lokaci a ga ainihinsa. Sau da yawa abin yana ba da mamaki: inuwar da ake zaton baƙa ce sai a ga shuɗi ne mai duhu, farar riga kuma sai a ga ruwan madara ce mai ɗan ruwan hoda. Daga nan sai a baza kundin da ya dace da irin takardar mujallar, a riƙa matso da gefen shafinsa kusa da tagar har a samu lambar da ta fi kusa, a rubuta ta. Amma kada a tsaya nan. A rubuta kuma kimanin kason da kowane launi ya ci a shafin, da wanda yake maƙwabtaka da wane, da wanda aka ba rubutu da wanda aka ba fili. Wanda ya yi haka da shafuka masu yawa zai tara littafin haɗin launuka nasa na kansa, mai lambobin da kowace maɗaba'a za ta gane, mai kuma bayanin rabon da ya sa haɗin ya yi kyau tun farko. Shafukan kundin an buga launinsu har bakin takarda, kuma wannan ƙaramin abu yana sauƙaƙa irin wannan gwaji ƙwarai, domin babu farin layi da zai shiga tsakanin launukan biyu da ake kwatantawa.

Wajibi ne a yi wannan aiki a ƙarƙashin haske mai kyau. Ma'aunin da masu ɗab'i suka yarda da shi shi ne hasken da ake kira D50, mai kama da hasken rana, wanda yake daidai da Kelvin 5000 a ma'aunin launin haske. A ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja, launuka biyu za su iya yin kamar ɗaya, a fita da su waje su rabu. Kundin yana da shafi na musamman na gwada haske, mai faci-faci da suke zama launi ɗaya idan hasken ɗakin ya dace, su bambanta idan bai dace ba, kuma ina ganin wannan shafi yana cikin abubuwan da suka fi amfani a cikinsa, ko da yake da yawa ba su san yana nan ba.

Za a iya tambaya ko manhajojin da suke ciro launuka daga hoto, irin su Adobe Color da Coolors, ba su wadatar ba. Suna da sauri, kuma ga aikin da zai ƙare a allo suna da amfani. Amma idan aka ɗauki hoton shafin mujalla da waya, kyamarar ta riga ta gyara hasken yadda ta ga dama kafin manhajar ta fara aiki, sannan abin da za ta bayar shi ne akwatuna biyar masu girma ɗaya, wato ta zubar da rabon da ya kamata a koya, ta kuma zubar da takardar.

Aibobin kundin ma ba ƙanana ba ne. Na farko, ba ya nuna yadda launi zai fito idan aka buga shi da tawada huɗu, kuma ba ya ba da lambobin allo. Wannan aikin wani kundi ne na kamfanin mai suna Color Bridge, wanda yake jera kowane launi kusa da kwatankwacinsa na CMYK. Tunda mafi yawan ayyukan yau da tawada huɗu ake buga su ko kuma da injin dijital, mai zanen da ba zai iya sayen Formula Guide da Color Bridge duka ba ya kamata ya yi tunani sosai, domin wataƙila Color Bridge ne ya fi dacewa da shi, musamman idan daga mujallu yake ɗebo launukansa. Sannan tawada tana koɗewa, takarda tana yin rawaya, kuma kamfanin da kansa yana ba da shawarar a sauya kundi bayan wata 12 zuwa 18, alhali kaya ne mai tsada. Wanda yake rufe shi bayan amfani, yake ajiye shi nesa da rana da laima, yake kuma kiyaye taɓa fuskar launin da yatsa, zai more shi fiye da haka wajen neman haɗi, amma ga aikin tambarin da dole launinsa ya fito daidai, tsohon kundi abin tsoro ne, musamman a launuka masu haske waɗanda su ne suke fara sauyawa. Takardar shafukan siririya ce, tana buƙatar hannu mai sauƙi. Tun 2010 kuma aka koma jera launukan bisa danginsu maimakon bin lamba, abin da ya taimaki mai neman launi da ido, ya kuma tilasta wa mai neman lamba ya riƙa komawa ga fihirisar da ke cikin kundin, wadda rubutunta ƙanana ne ƙwarai.

Akwai wasu abubuwa biyu da suke ruɗa sababbin masu saye. Launin Shekara da kamfanin yake sanarwa tun 2000, irin su Classic Blue na 2020 mai lamba 19-4052 ko Mocha Mousse na 2025 mai lamba 17-1230, daga tsarinsa na yadi da kayan gida yake fitowa, saboda haka ba za a tarar da waɗannan lambobin a wannan kundi ba, sai dai makusantansu. Na biyu shi ne cewa tun ƙarshen 2022 aka cire mafi yawan jerin launukan Pantone daga manhajojin zane na Photoshop da Illustrator da InDesign, aka mayar da su cikin manhajar Pantone Connect wadda ake biyan kuɗin rajista don cikakken amfani da ita. Ke nan sayen kundin takarda bai ba mutum damar kiran launin da lambarsa a cikin manhajar zane ba, sai ya sake biya. Wannan mataki ya jawo ƙorafi mai yawa daga masu zayyana a lokacin, kuma ina ganin ƙorafin yana kan hanya, domin darajar tsarin gaba ɗaya ta dogara ne a kan kasancewarsa abin da kowa yake iya ambata cikin sauƙi.

Wanda yake zana tambarin kamfanoni, ko kwalayen kaya, ko bangon littafi da na mujalla da za a ƙara wa tawada ta musamman, wannan kundi wajibi ne a gare shi, kuma zai mayar da kuɗinsa ranar farko da ya hana a sake buga aiki saboda saɓanin launi. Wanda aikinsa bai wuce allo ba, ba ya buƙatarsa. Shi kuwa ɗalibi ko sabon shiga da yake da kuɗin abu ɗaya kawai, kuma abin da yake nema shi ne idonsa ya goge wajen haɗa launuka, shawarata ita ce ya fara da mujallu iri-iri, tsofaffi da sababbi, masu sheƙi da marasa sheƙi, da gilashin ƙara girma, da katin nan mai taga. Idan ya kai matsayin da zai aika wa maɗaba'a aiki mai launi na musamman, sai ya sayi kundin sabo, ya kuma tambayi maɗaba'ar shekarar bugun kundin da take aiki da shi, domin lambobin da aka ƙara a sabon bugu ba sa cikin tsoho, kuma ma'aikacin da ba shi da awonsu a gabansa ba zai iya gauraya su daidai ba.